Balki, kwano ɗaya, da akwatunana biyu

Balki ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ƙofar aji da alli a hannuna. Ƙanwarta ce ta kira. Ta ce Balki ta idar da sallar asuba, ta ɗora ruwan koko, ta ce kanta na sara mata, ta zauna bakin murhu. Ba ta sake tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba: Malama Balkisu, malamar firamare a Sabon Birni, matar Malam Isiya mai sayar da gero da dawa. Tare munka yi kwalejin malamai, gadonta a sama, nawa a ƙasa. Ita ta koma gida ta yi aure, ni aure ya kawo ni Isa. Ba ni da aminiyar da ta kai ta.

Tun da rana nike ganin abin da kuke rubutawa. "Mace mai haƙuri." "Mace mai sanyin hali." Don Allah ku bari. Balki ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ta fi ni faɗa, kuma kun san ni. Na taɓa ganin ta bi ɗan kabu-kabu da takalmi a hannu don ya watsa mata taɓo ranar Juma'a. In za ku yabe ta, ku yabi wadda ta rayu, ba wadda kunka ƙera yau da safe ba.

Ita ce ta zo ta kwana da ni lokacin da mahaifiyata ta rasu, tana yi mani kitso ina kuka tana zagina wai in daina motsa kai. Kowace kaka sai ta aiko mani da busasshen sure, wato yakuwa, da daddawa ta hannun direban motar Isa, da saƙon cewa miyar 'yan boko ba ta da ɗanɗano.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki waya ba.

Kishinta nike yi. Ina yi tana raye, kuma yau da anka kai ta makwancinta bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Masu shirin yi mani wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku huta. Ban taɓa fatan ta rasa abin da ta samu ba. So nike in samu irinsa. Ita ma ta sani, dariya take yi mani.

Ba gidanta nike wa kishi ba, ginin ƙasa ne, kowace damina sai an yi yaɓe. Ba sutura ba, na fi ta atamfa nesa. Kwano nike wa kishi. Wani tsohon kwanon samira mai murfi, wanda fentin bakinsa ya kankare.

Kun san yadda ake yi a wurinmu. In an sauke tuwo, na maigida a fitar mashi ƙofar gida, ya yi ciyayya da maƙwabta, kowa da akushinsa. Mace ta ci nata a ciki tare da yara, wani lokaci a tsaye bakin tukunya. Namiji ya zauna ya sa hannu kwano ɗaya da matarsa? Sai dai a ji ana zancensa a bakin masallaci.

Malam Isiya yakan fitar da akushinsa kamar kowa. Ya ajiye kan tabarma, ya yi bismilla, ya ɗan taɓa don kada a ce ya raina mutane. Sai ya wanke hannu ya ce, "Ku ci gaba, ina zuwa." Kowa ya san ba zuwa zai yi ba. Ciki yake shiga, inda Balki ke jiransa da wancan kwanon. Haka sunka yi tun suna ango da amarya har sunka aurar da 'ya'ya.

Ba sunan da ba a kira shi ba. Mijin-ta-ce. An ce ta shanye shi. An ce har ta Burkusuma ta tsallaka Nijar neman boka. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta sa anka yi mashi rubutun karya sammu. Ya karɓa da ladabi, ya shanye tas, ya shiga ciki ya ci tuwonsa da matarsa.

Waɗansu daga cikin masu waccan magana yau na gan su kan tabarmar gaisuwa, suna kaɗa kai, wai zaman Malam da iyalinsa abin koyi ne. To ku koya mana. Wa ya hana ku?

Ranar da na fara ganinsu da idona, ina gefe da nawa kwanon na baƙuwa. Ba zancen soyayya suke ba, faɗa suke.

"Ke kin cinye gehena."

"Gehenka da sunanka a rubuce?"

Tsoka guda ce a miyar. Ya tura mata da ɗan yatsa ba tare da ya dube ta ba. Ta turo mashi. Ya sake turawa. Ina zaune ina kallon nama yana kai da komowa kamar motar haya, har ta gaji ta raba shi biyu ta ɗauki babban. Na koma Isa da ciwon kai.

Bari in gaya maku nawa gidan. Mijina Alhaji ba ya Fesbuk, amma na san akwai masu kai mashi rahoto. Ku karanta mashi duka, kada ku tsallake layi.

Alhaji mutumin kirki ne. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa bari buhu ya ƙare ba. Abincinsa a kuloli ake zubawa, a jera kan tire, a kai falonsa, a jawo ƙofa. Anjima tire ya dawo. Da abin da ya rage a kula nike gane ko miya ta yi. 'Ya'yanmu sun girma sun watse, ni ban san yadda mijina ke tauna abinci ba.

Kuma ni ce mai koyar da adabi. Na karanta soyayya da Hausa, na karanta da Turanci. Na karanta littattafan masana kan zaman aure, na ja layi da jan biro ƙarƙashin jimlolinsu. Mata na zuwa wurina neman shawara, ina ba su, wasu ma aurensu ya gyaru. Sai in dawo gida in ci tuwona ina kallon bango.

Kada ku ɗauka su Balki a aljanna sunka zauna. Sun binne ɗa. Shagonsa ya taɓa ƙonewa ƙurmus. Ta taɓa yin yaji ma, ta koma gidan ubanta tana rantsuwar ba ta dawowa. Da magariba sai ga Malam Isiya a zauren surukansa, da kwanon nan a hannu, tuwon da ƙanwarsa ta tuƙa mashi. Mutumin da ko ruwa bai kamata ya sha a gidan nan ba don kunya. Ya ce a gaya mata tuwo na hucewa. Ta fito fuska a murtuke, ta zauna, ta ci ba ta ce mashi kanzil ba, ta koma ciki. Washegari ya sake zuwa. Haka ya yi ta yi har babanta ya ce ta tattara ta bi mijinta tun bai mayar mashi da zaure gidan abinci ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a hutun makaranta da ya wuce ne. Na je mata da akwatuna biyu, ɗaya na littattafaina, ɗaya na tufafi. Na yanke shawarar barin gidan Alhaji. Autarmu ta yi aure, ba sauran wanda nike zama dominsa. Nufina in fitar da kaya kaɗan-kaɗan ba tare da an lura ba, sannan in nemi takardata in koma Sakkwato wurin yayana.

Balki ta tura akwatunan ƙarƙashin gadonta, ta dama mani fura, sannan ta dube ni.

"Ke Hajo, ya buge ki?"

"A'a."

"To mi ya yi maki?"

"Ba komi. Shi ne abin."

Ta turo mani ƙwaryar furar. Ni kuma abin da ke cina shekara da shekaru ya fito. Na ce, "Don girman Allah, Balki, hwaɗa mani gaskiya. Mi kinka ba mutumin nan?"

Ta yi dariya har tsagen kumatunta sunka haɗe. "Tuwo, ke! Tuwo da miyar kuka."

"Ba ni son wasa."

"To ji. Da anka kai ni ɗaki, kunya ta hana ni cin komi. Sai ya shigo da kwano ya ce shi ma ba ya ci sai na ci. Yunwa ta kori kunya. Daga nan munka kasa bari. Wallahi akwai ranakun da ko huskarshi ban son gani, amma dole in ga hannunshi. Kuma da wuya ki riƙe mutum a zuci kina kallon tuwo na ƙona mashi baki." Ta miƙo mani ludayi. "Ke kin taɓa zama?"

"Bai taɓa cewa in zauna ba."

"Wa ya sani ko shi ma shina can shina cewa ba ki taɓa zama ba? Ku biyu manyan 'yan boko, kowa na jiran a aiko mashi da katin gayyata."

Na fusata. Na ce mata sa'a kawai ta yi, kuma mai sa'a bai kamata ya riƙa ba mutane shawara ba. Na tashi ban shanye furar ba. Ta biyo ni har zaure tana dariya.

"Akwatunanki na nan, ba ni hana ki tahiya. Amma ranar da za ki zo ɗauka, ki zo da yunwa."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan. Har yanzu haushinta nike ji, don ta tafi ta bar ni ban rama ba.

Yau kafin in isa Sabon Birni an riga an kai ta. Na zauna cikin mata har bayan azahar, sannan na fito da wuri, kun san hanyarmu ba a binta da yamma. Ina tsaye ƙofar gida ina jiran direba, maƙwabta sunka kawo abinci, anka ajiye wa Malam Isiya akushi a gabansa. 'Yan uwansa sunka matsa mashi. Ya sa hannu ya ɗan taɓa. Ya wanke hannu. Ya ce, "Ku ci gaba, ina zuwa." Ya miƙe ya nufi zaure.

A bakin zauren ya tsaya.

Dattijo da furfurarsa, tsaye, hannunsa na ɗigar ruwa, bai shiga ba, bai dawo ba.

Allah ya gafarta mani, a wannan lokacin kishin wadda ke cikin kabari na ji. In ni ce na mutu, wa zai tsaya haka a bakin ƙofa?

Da ya juyo ya gan ni, ya matso ya rage murya. "Malama Hajo, amanarki na nan ƙarƙashin gado. Ta ce kada a ba kowa sai ke. Ina za a kai maki, Isa ko Sakkwato?"

Na ce za ni kira.

Na iso gida kafin magariba, na ɗora girki. Da anka idar da salla ban ɗauko kuloli ba. Na juye tuwon a kwano ɗaya, na zuba miya a kai, na ɗauka da kaina na shiga falon Alhaji, na zauna kan kafet a gabansa. Ya dube ni kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Ci za ni yi."

"Ba a bar maki naki ba?"

"An bari. Nan nike son ci."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ya sauko daga kujera, ya yi bismilla.

Da gefen hagu kaɗai yake tauna. Na tambaye shi, ya ce haƙori ne ke damunsa a dama tun bara. Tun bara! Gida ɗaya muke kwana.

Can sai na ga ɗan yatsansa ya turo tsoka gefena, idonsa na wani wuri. Kafin hawaye ya zubo sai ya ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa."

"Kullum haka nike sawa."

"Kullum shina yawa."

Jama'a, shekara ashirin da wani abu bawan Allahn nan yana cin gishirina bai ce uffan ba, ni ina can ina leƙa kula ina duba sakamako. Na tura mashi naman da ƙarfi har miya ta fantsama. Ya sake turo shi.

Na cinye. Ban raba ba.

Ɗazu na kira babbar ɗiyar Balki. Na ce a gaya wa Malam a sa mani akwatin littattafan a motar Isa. Na tufafin kuma a bar shi inda yake tukuna. Ban yi wa kowa alkawari ba, kwano ɗaya bai isa ya goge shekarun nan ba. Amma gobe za ni rage gishiri, kuma za ni koma in zauna.

Balki, kin ci ni. Na zo da yunwar, sai dai ba gidanki ba.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Balkisu. Ka yafe mata faɗanta da tsiwarta, ka haskaka kabarinta, ka sa ta cikin waɗanda za ka ciyar da abincin Aljanna. Ka ba Malam Isiya da 'ya'yansu haƙurin da ita ba ta taɓa yi ba, ka sada su a inda ba a rabuwa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata addu'a, ya sa ni a ciki, ina bukata. Ku kuma mutanen unguwarsu, ku da kunka iya surutu, gobe in an kawo abinci kada ku bar Malam Isiya tsaye bakin zaure. Wani ya kama hannunsa ya shiga da shi ciki, ya zauna ya ci tare da shi.