Karen Jaradiya da Karen Jirgi

Ranar da Madam ta ce mini za ta kawo kare daga Turai a jirgin sama, saura kaɗan in daki motar da ke gabana. Ni ne direbanta a lokacin. Baturiya ce, matar wani injiniya, suna zaune a wajen Ulaya, unguwar masu kuɗi a ƙasar Larabawa inda muke ci-rani. Ta miƙo mini wayarta in ga hotonsa: duk haƙarƙari a waje, ido zuru-zuru. Wai a titi aka tsince shi, ba shi da kowa. Za a yi masa allurai, a yi masa fasfo.

Fasfo! Ni da na sha baƙar wahala kafin in samu nawa.

Ina dariya har na isa unguwar Jaradiya, inda muke haya ni da wani Badamagare mai aikin gini. Na ba shi labari, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Zumbur ya miƙe.

"Kai Bakano, kanka ɗaya kuwa? Ga namu nan a kango!"

Namun nan wani jan kwikwiyo ne da ke kwana a kangon bayan gidanmu. Ba mu taɓa cewa namu ne a gaban mutane ba, Allah ya kiyaye, ragowar shinkafar kabsa kawai muke jefa masa. Ɗan ƙasa muke ce masa, don shi kaɗai ne a layin ba a tambayarsa iƙama, wato takardar izinin zama. Damuwar ita ce mai gadin gidan ya rantse, da zarar an fara gini a kangon, ko mu kawar da shi ko ya sa masa guba. Har an fara sauke bulo.

Na lallaɓa Madam, ta yarda in ta dawo daga hutu za ta duba kwikwiyon, ko ta ɗauke shi maimakon na Turai. To fa! Badamagare jikan mafarauta ne, ya ce shi ya san abin da ake nema a jikin kare. Muka shiga kiwo kamar na ragon layya: kawunan kaji, ƙashi daga mahauta, har da madara. Ya koya masa haushi in baƙo ya doso, ya koya masa kada ya kuskura ya taka bakin ƙofa. Wallahi har almakashi ya ɗauko zai yanke masa kunnuwa yadda ake yi a garinsu, na riƙe hannunsa ina salati. Ranar zuwa muka yi masa wanka da sabulun wanki, muka turara shi da turaren wuta, yana atishawa muna sheƙa dariya.

Muna isa gidan Madam ɗan ƙasa ya diro daga mota, ƙirji a gaba, jiki na sheƙi. Ya yi haushi ɗaya, mai ban ruwan furanni ya yar da tiyo ya haye baranda. Badamagare ya gyara tsayuwa ya fara yi masa kirari, ni ina fassarawa da ɗan Turancina.

"Faɗa mata ɓarawo ba ya ganinsa ya sake dawowa! Faɗa mata ko jan shi aka yi ba ya shiga ɗaki! Faɗa mata ba kyanwar da ta rage a layinmu!"

Duk na faɗa, ban rage ko ɗaya ba, ina wani hura hanci. Sai da na gama na lura da farar kyanwar da ke lafe a kafaɗarta.

Madam ta yi dariya har da hawaye. Ta durƙusa ta miƙa masa hannu. Jarumin namu ya ja da baya, ya shige tsakanin ƙafafun Badamagare ya kwanta. Ta daɗe tana kallonsu.

"Wannan ai yana da masu shi," in ji ta. "Ni wanda ba shi da kowa nake nema."

Karenta ya iso daga baya, ni ne ma na ɗauko shi da fasfonsa. Amma a ranar, mayar da ɗan ƙasa mota muka yi, muka kama hanya.

"Da mun bar shi da yunwarsa, da yanzu yana kan kujera yana shan sanyi," na ce.

"Rufe mini baki, bawana. Juya mu nufi kasuwar tumaki."

A can ya nemo wani dattijo mutumin Maradi da ke kiwon tumakin wani Balarabe a bayan gari. Ya sake ɗauko kirarin nan daga farko. Bai kai rabi ba dattijon ya ciro igiya daga aljihu.

"Irinsa nake nema, ɗana. Ba zai kwana da yunwa ba."

Murna ta kama mu, muka rungumi juna muna tsalle a cikin kashin tumaki, ƙatti da mu. Ɗan ƙasa ya tsira!

Sai da na tayar da mota muka ji kukansa. Ba haushin da aka koya masa ba ne, wani siririn kuka ne, yana ta fizgar igiyar.

"Ƙara wuta," in ji Badamagare. "Kada ka kalli madubi."

Na kalla. Shi kuma ya juya gaba ɗaya, goshinsa a jikin gilashin baya.