Lasifikar da muka kunna wa Balki

Cikin shekarun da na yi ina aikin wayar da kan jama'a a sashen lafiya a Bagudo, akwai rana guda da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji ta daga bakina.

Lokacin an gama yankan shinkafa. An ɗora mana aikin faɗakarwa kan lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda a rediyo ake ce wa galahanga: yaro ya taso bai cika magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, ƙara ko hayaniya ta gigita shi. An ba mu horo da takarda, ni kuma na shiga rediyo sau biyu na karanta ta tsaf, a shirin da har tsallaken iyaka ake ji. Sai na fara ganin kaina gwani.

A dalilin shirin ne wani manomi, Malam Garba, ya zo ofis daga wani ƙauye gaba da Sharabi. 'Yarsa Balki shekararta bakwai, ba ta magana, kuma garin ya gama yanke hukuncin aljanu ne. 'Yan'uwansa sun matsa a kai ta wurin wani mai magani a cikin Benin, inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Har an sa rana.

"Malam, abin da ka hwaɗi ga rediyo, awa ɗiyata kaka nuhi," in ji shi. "In ba iska ba ne, zo ka hwaɗa ma mutanenmu da bakinka."

Na roƙe shi ya ba ni mako guda in shirya taro a garinsu, kuma ya fito da ita ranar taron.

Tsarinmu sananne ne. Takarda ga hakimi, hakimi ya sanar da mai gari, mai shela ya zaga. Ran taro mu zo da mota, lasifika biyu a samanta da janareta, a buɗe da karatun Alƙur'ani don jama'a su taru, sannan in yi bayani da Hausa, tafinta ya juya da Dandanci, yaren wasu mutanen yankin. Haka muke yi a rigakafi, haka a kwalara, ban ko tsaya tunani ba.

Da hantsi fili ya cika. Malam Garba ya zaunar da Balki a tabarmar gaba, kusa da mota, don ni na ce a sa ta inda kowa zai gan ta. Tana zaune lafiya lau tana jera tsakuwa. Na ɗaga wa direba hannu, ya kunna karatu, ya ƙure murya.

Yarinyar nan ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ƙara, ta faɗi tana buga kai da ƙasa. Mata suka watse suna salati. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Kun gani! Karatu anka sa, sunka tashi!"

Na zo in ce ba aljanu ba ne, sai ga shi da hannuna na ba su shaidar da ba su taɓa samu ba. Yayan Malam Garba har ya fara cewa a nemo babur yau ɗin nan, ba sai an jira ranar da aka sa ba. Na ruga na kashe janareta, na ce ƙara ce, ƙara ce kawai, amma wa zai saurari mutumin gwamnati bayan abin da ido ya gani?

Limamin garin ne ya cece mu, dattijo mai ƙaramar murya. Ya ce kowa ya ja baya, uban ya ɗauke ta zuwa inuwar bayan masallaci. Muka bi, mu kaɗan, har da yayan. Liman ya jira har kukanta ya lafa, sannan ya ɗauko surar da muka sa, yana karantawa a hankali. Balki na ta rangaji gaba da baya. Can ta sauke hannu ɗaya, ta sauke ɗayan, ta jawo carbinsa tana wasa da shi. Ya kai ƙarshen sura ba ta ko motsa daga gefensa ba.

Ya dubi uban. "Garba, in an ta da injin cashin shinkahwa, mi takai?"

"Hakanga takai, Malam. Ta toshe kunne ta hwaɗi."

"To injin ma karatu shikai?"

Yayan ya sunkuyar da kai. Ba zan ce garin duka ya yarda ba, amma ba a nemo babur ba, kuma ba a tsallaka da Balki ba. Bayanin da na zo yi, a bakin masallaci na yi shi, da muryar da Allah ya ba ni.

Na koyi cewa a aikin nan, yadda ka shiga gari yana magana kafin ka buɗe baki, kuma mutanen da muke kira marasa sani sukan fi mu lura. Tun ranar, in taron irin waɗannan yara ne, lasifika a ofis take kwana.

Da za mu tafi Malam Garba ya rako ni mota, Balki a kafaɗarsa, goshinta a kumbure. Ya yi godiya, sannan ya ce, "Malam, ga rediyo na ji ka ce ƙara na cutar su."

Na ce haka ne, na faɗa.

"To mi ya sa kunka kunna?"