Shekarar da Na Ciyar da Waken Suya da Iska

Tarihin ilimi a ƙasar Bukkuyum ba zai cika ba sai an ambaci daminar da na rufe waken suyar Inna da leda.

Ina koyar da kimiyya a lokacin, kuma na karanta a wata takarda cewa iskar kabon, wadda muke fesarwa in mun numfasa, wadda wuta ma ke fitarwa, ƙaruwa take yi a duniya. Aka ce waken suya na cikin shukokin da ke ƙiba da ita. Na ajiye takardar. Duniya na kukan iskar ta yi yawa, ashe taki ne kyauta ke yawo a bisa kawunanmu!

Inna tana da wani iri da ta samo wurin ƙanwarta a Gummi, mai farin ido, wanda awararsa ba ta dagargajewa a cikin mai. Kowace shekara takan shuka shi bayan gida, ta ware na baɗi a tulu. A shekarar nan irin da ya rage mata ke nan ta shuka, kunya shida. Na roƙa ta bar mini su. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta dubi bango ta ce to.

Na kafa sanduna, na lulluɓe su da farar leda, kowace safiya in shigar da kaskon garwashi in toshe ƙofa. Abin ya yi kamar sihiri. Cikin makonni kaɗan waken ya kai mini ƙugu, ganye kamar tafin hannu, kore shar. Malaman makarantarmu suka zo kallo. Wani ɗan acaɓa ya kai labarin har Adabka, ya dawo mini da shi an ƙara masa tsawo. Na fara tsara jawabin da zan yi wa manoma, har na zaɓi rigar da zan sa. In na shiga rumfar nakan fito sharkaf da gumi, in ce wahalar bincike ce.

Da fure ya fito, Inna ta leƙa ciki sau ɗaya. Ta fito ta tsaya gaban akuyarta, ina nan tsaye kamu biyu da ita.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "ki gaya ma masu ilimi furen ga zuba shikai. Zafi ya yi mai yawa."

Na yi dariya, na bayyana wa akuyar, cikin ladabi, cewa tsoffin furanni ne ke ba sababbi wuri. Inna ta sake aiko ta da saƙon har sau biyu a makon. Da wani malami ne ya faɗa da Turanci, da na yaye ledar nan take.

Sai daga baya na koma ga takardar, na tarar shafi na gaba duk maganar zafi ce: iskar na ƙara ganye, zafi in ya tsananta lokacin fure yana zubar da shi. Ban kai can ba, murna ta tashe ni tun shafin farko.

Da kaka ta yi na sussuke kunya shidan. Waken bai cika gwangwanin madara ba.