Ranar da Dutse Bai Amsa wa Haladu Ba

Da wannan damina shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauko gawar aminina Haladu daga gindin wani dutse a bayan Madadi. Matarsa Hajara ta san faɗowa ya yi. Abin da ba ta sani ba shi ne wanda ya sa shi hawa.

Ni dillalin taki ne. Shi kuwa sana'arsa hawan duwatsu, ya shiga kogo ya kwaso kashin jemage, wanda masu albasa a Kabo ke rububi. Ba igiya, ba takalmi, sai yatsu da haƙuri. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin ya ɗora ƙafa sai ya yi wa dutsen sallama da ƙarfi, ya saurara. In muryarsa ta dawo, ya hau. In ba ta dawo ba, ya naɗe buhunansa ya koma gida. Ni na ɗauka jiƙaƙƙen dutse ne ke shanye murya. Shi bai taɓa yi mini musu ba, bai kuma taɓa cewa haka ne ba.

Rannan da hantsi, bayan ruwan jiya, motar da za ta ɗauki takin na jirana a bakin hanya. Ya yi sallama sau uku. Shiru. Ko tsuntsu bai motsa ba.

Na ce, "Haladu, dutse ne fa, ba gidan surukanka ba. Hau mana!"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Alhaji, tunda ka ce."

Ya kai tsakiya lafiya. Can sai ya tsaya, ya waiwaya wajen bakin kogon, ya ce "Na'am?" a sarari, kamar wanda aka kira da sunansa. Ni kaɗai ne a wurin, kuma ban buɗe baki ba. Sai na ga hannunsa ya saki.

Yanzu samari na zuwa daga birni su hau duwatsun nan don nishaɗi, da igiyoyi da ƙugiyoyi da hulunan kwano, da mai lura da su daga ƙasa. Na san da Haladu na nan zai shafa igiyar ya yaba ƙwarinta. Sannan zai tambaye su, wa ke da ikon cewa yau a fasa, kuma in ya ce, ana ji? Nasa mai lura na ƙasa ni ne, ni kuma idona na kan mota.

Haladu bai bar gona ba, bai bar shago ba. Ya bar mini dai sanin cewa mutumin da ya juya ya koma gida ba matsoraci ba ne, kuma tun rannan ban sake ingiza wanda ya ce jikinsa bai ba shi ba.

Saura Hajara. Kafin labarin nan da nake rubutawa ya fito zan je Garo, inda take, in zauna a zaurensu in faɗa mata da bakina. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta yi shiru, zan tashi in tafi, ba zan matsa ba.