Kwalbar da Na Rataya a Mangwaron Kaka

Muna aji biyar a sakandare malamin Turanci ya rubuta mana kalmar deter a allo. Ya ce ma'anarta ka hana mutum yin abu ba da duka ba, ba da roƙo ba, ka dai sa masa tsoro ya fasa da kansa. Ya kawo misalin kare a ƙofar gida: ba sai ya ciji kowa ba, kwanciyarsa a wurin ta isa. Na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Sai bana da mangwaro ya nuna ta dawo mini.

Muna da bishiyar mangwaro jikin katanga, rabin rassanta sun leƙa titi. Kakata ce ta dasa ta, a gindinta take yi mini kitso har Allah ya yi mata rasuwa. Duk wanda ya wuce sai ya jefa: 'yan makaranta, 'yan acaɓa, har wani dattijo mai babbar riga na taɓa kamawa yana zaɓen dutse. Duwatsun kuma kan rufin kwanonmu suke sauka. Ranar da ɗaya ya faɗa cikin miyar Baba, ya ajiye loma ya ce ranar Asabar mai injin yankan itace zai zo ya sare ta.

Na roƙa, ya ƙi. Sai na tuna ƙulle-ƙullen da manoma ke ratayawa a gonakin rogo na hanyar Doma, waɗanda ko ɓarawo ba ya tsallakawa. Na samo kwalbar maganin tari, na zuba gishirin Keana daga kicin ɗin Umma, na ƙara bular wanki don ya yi launi. Na ɗaure wuyanta da jan ƙyallen tsohon ɗankwalina, na cusa gashin kazar da muka ci ranar Lahadi. Bayan Azahar na taka turmi na rataye ta a reshen da ke kan titi. Ina yi ina dariya.

Ya yi aiki. Kwana biyu ba jifa ko ɗaya. Mutane suka koma bin ɗaya gefen titi, wata mai tallar doya har ta tofa addu'a. Na ji kamar in nemo malamin Turancin nan ya ƙara mini maki.

Safiyar Alhamis na leƙa in gaishe da kwalbata, sai na ga ƙahon akuya a jikinta. Ban sa ƙaho ba. Juma'a kuma ga katantanwa biyu suna lilo, an shafa wa kwalbar wani baƙin abu. Na ja da baya. Na san gishiri da bula ne a ciki, ni na zuba, amma wa ya ce gishiri ba ya haihuwa in ya kwana a waje? Na shige ɗaki na karanta duk surar da na iya. Ko banɗaki ban je ba sai da Umma ta raka ni, tana tambaya ko zazzaɓi ne.

Ranar Asabar mai inji ya zo, ƙato, da injinsa a kafaɗa. Ya ɗaga kai, ya sauke injin a hankali.

Ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Alhaji, abeg. Ni ba zai taɓa wannan itace ba."

Baba ya leƙa. "Innalillahi! Wane ne ya kawo mini shirka gida?"

Na fito daga ɗaki. "Baba, ni ce. Amma wallahi kwalbar kawai, ƙahon da kansa ya tsiro."

"Ƙaho ya tsiro? Wannan aka koya miki a boko?"

Sai ga dariya ta kan katanga. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar Kwandere, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata.

Ta ce, "Alhaji, bar yarinya. Na ga aikin nata ba kyau, ko akuya ba za ta ji tsoro ba. Shi ne na gyara mata."

Na ce, "Iya, to naki ma na wasa ne?"

"Oho. Haka na ga babana yana yi. Wanda ya taɓa, wani ya kumbura, wani bai kumbura ba."

Baba ya ce in cire. Na ce gara ya yanka ni. Ya ce wa mai inji ya cire, mutumin ya riga ya kai ƙofa. Iya ta ce wanda ya rataya shi ke saukewa, ita ƙari kawai ta yi. Baba ya ce shi ba ya tsoron gashin kaza, ya ɗauko gora, ya tsaya, ya dubi ƙahon, sai ya tuna bai yi alwala ba. Har yau bai gama alwalar nan ba.

Bishiyar Kaka tana nan, ta cika ta batse, mangwaro na faɗowa yana ruɓewa. Ba mai jifa, ba mai tsinka. Jiya a kasuwa na sayi guda uku, na zagayo ta ƙofar baya na shiga gida.