Talabijin Uku da Jakar Baba

Kwanan baya 'yata ta sayi sabuwar kwamfuta ta tebur, ta kunna, sai ga wani siririn layi ya ratsa gilashin daga sama har ƙasa. Ta fizgi waya za ta kira mai shagon tana hura hanci, na gane halina ne ya motsa a jikinta. Na ce ta ajiye wayar ta sha ruwa tukuna. Ta dube ni da mamaki, don duk unguwa an san ubanta ba ya barin faɗa ya kwana. Ban gaya mata dalili ba, amma dalilin ya haura shekara arba'in yana zaune a ƙirjina.

A ƙarshen shekarun saba'in ina tuƙa bas a Titin Bauchi, ina zaune da matata a unguwar Congo-Russia da ke Jos, ciki da falo. Ina da aboki ɗaya wanda ban taɓa yin kamarsa ba. Ubansa da Babana rami ɗaya suka haƙa kuza, mu kuma muka tashi tare. Shi Kirista ne, gidansu na Anguwan Rukuba. Da Sallah a gidanmu yake cin nama har ya kasa tashi, da Kirsimeti ni nake cinye musu shinkafa. Idan ya zo wurina, daga bakin ƙofa zai kwaɗa sallama, kafin a amsa ya riga ya buɗe tukunya yana tambayar matata me ya hana ta ƙara yaji.

Shekara shida ya yi yana dako a wani shagon kayan lantarki a cikin gari, yana ɗaukar firiji da rediyo a ka, kafin oga ya yarda da shi ya ba shi tebur. Ranar da aka damƙa masa makullan sito, sai da ya zo tasha ya kaɗa mini su a kunne. Wannan aikin shi ne komai nasa. Da shi yake riƙe uwarsa, da shi iyayen yarinyar da yake nema suka fara sakar masa fuska. Abin da yake taƙama da shi kuwa shi ne ba a taɓa cewa ko batir ɗaya ya ɓace a hannunsa ba.

Lokacin ne talabijin mai kala ya fara shiga gidaje a Jos. Ni kuma akwai son a sani, na rantse sai na zama na farko a layinmu. Abokina da kansa ya zaɓar mini, ya kunna a shago muka gani tas, ya ɗauko shi a ka daga bas har falo duk da farar rigarsa. Ya ɗaura eriya a jikin gora, ya haɗa waya, ya koma aiki, don tashar talabijin ba ta buɗewa sai da yamma.

Bayan ya tafi matata ta shimfiɗa wa akwatin wani ƙyalle da ta saƙa, ni kuma na ɗora jakar Baba a kai. Baba bai cika shekara da rasuwa ba a lokacin. Abin da ya bar mini shi ne wani ƙaton mayen ƙarfe mai nauyi, wanda yake janye baƙin ƙarfe da shi daga cikin kuza. Da ya bar aiki sai ya sa baduku ya ɗinka masa jakar jar fata mai marufi da igiya, don kada ya riƙa kama allura da cokali. A wurina abu mafi daraja a ɗaki, wuri mafi daraja ya kamata a ba shi. Ban san mayen ƙarfe da gilashin talabijin mai kala ba sa ga maciji ba. Wa zai gaya mini? Duk layinmu babu wanda ya taɓa mallakar irinsa.

Da yamma falo ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Aka buɗe tasha, mai karanta labarai ya fito, sai ga goshinsa kore shar. Daga sama ta tsakiya wani tabo ya malalo, kore da shuɗi da ja-ja, kamar man mota da ya zuba a ruwan sama. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, bawan Allah, me ya same shi a ka?" Mutane suka bushe da dariya. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Washegari na mayar. Aka kunna a shago, tabon na nan, ya ɗan dusashe amma ana ganinsa. Abokina ya ce kada in damu, sabo ne, da takardarsa, irin wannan tun daga kamfani ake samun mai lahani. Oga ya sa hannu ba musu, aka ba ni na biyu. Na kai gida, matata ta shimfiɗa ƙyallenta, na ɗora jakar Baba. Tabo ya fito, wuri ɗaya, fasali ɗaya.

Wannan karon abokina ya zo da kansa ranar Lahadi bayan coci. Babu abin da bai duba ba. Ya hau kwanon rufi ana yayyafi ya juya eriya gabas da yamma, ya sauya waya, ya kwance soket, ya murɗa duk wani abin murɗawa a bayan akwatin. Na ga ya tsaya yana kallon saman talabijin ɗin, sannan ya kau da kai ya ci gaba da laluben waya. A ƙarshe ya share gumi ya ce shi dai ya rasa gane kansa, amma zai roƙi oga.

Da ya kawo na uku, bai buɗe tukunya ba. Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Direba, wannan da bakina na karɓo maka shi. Oga ya fara yi mini wani kallo. Ya ce kwali ɗaya aka sauke su, kowa ya saya yana jin daɗi, sai wanda ya bi ta hannuna zuwa gidan abokina. In wannan ya dawo, ni zan yi bayani. Don Allah, kome ka gani, ka same ni a gida, kada ka je shago."

Na ji shi sarai. Wallahi na ji shi, har na ce masa, "Haba, kamar ba ni ba?"

Na uku ma ya yi. To, a nan Shaiɗan ya samu wurin zama. A tasha direbobi suka sa mini suna mai koren goshi, in na shigo da mota sai wani ya dafa goshinsa. Wani tela maƙwabcina, mai baki kamar reza, ya ja ni gefe ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Kwantai yake kwaso maka. Masu kyau na manya ne, kai kuma ya san ba za ka yi masa magana ba." Kwana biyu maganar nan tana tafasa a cikina. Matata ta ce in je gidansu kamar yadda ya roƙa. Na ce ta yi mini shiru, ba da ita ake dariya a tasha ba.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da shago ya fi cika, na rungumo talabijin na dire a kan teburinsa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ya mayar da ni juji, na ce yana ware masu kyau yana kwaso mini shara. Ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗan'uwa, mu fita waje mu yi magana."

Na ce, "Wane ne ɗan'uwanka? Macuci kawai!"

Masu saye suka ajiye abin da ke hannunsu. Oga ya fito daga ofis, bai tambayi kowa komai ba, ya miƙa wa abokina tafin hannu. Abokina ya ciro makullan sito ya sa masa. Ya cire biro daga aljihun farar rigar ya ajiye a tebur, ya wuce ta gefena. Bai ko dube ni ba. Oga ya ce in ɗauki kayana, ba zai ƙara sauya mini ba, amma akwai mai gyara da zai zo daga Kaduna, zai turo mini shi. Na fito ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Sati uku bayan haka mai gyaran ya zo, wani dattijo mai tabarau. Ko minti biyu bai yi a falona ba. Ya kunna, ya dubi tabo, ya kai hannu zai dafa saman akwatin, sai sukundireban da ke hannunsa ya fizge ya manne a jikin jakar Baba, ƙwas! Ya ce, "Malam, mene ne a cikin nan?" Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. Ya sauke jakar ya kai ta bakin ƙofa, ya ciro wani zagayayyen abu mai waya daga akwatinsa, ya jona, ya yi ta kewaya gilashin da shi yana ja da baya. Tabo ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Ya ce sauran biyun da ke sito ma lafiyarsu lau, haka zai yi musu.

Na zauna a ƙasa. Matata tana tsaye a ƙofar ciki tana kallona, kuma da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na fara zuwa wurin oga. Na yi masa bayani, na roƙe shi kamar zan durƙusa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya riga ya sa wani a teburin, kuma magana ta zaga kasuwa, shi ba zai bi mutane ɗaya-ɗaya yana warwarewa ba. Ya ƙara da cewa, "Ai kai ka faɗa, kai da ka fi kowa saninsa."

Daga nan na wuce Anguwan Rukuba da jakar a hannu. Uwarsa, wadda tun ina yaro take ce mini ɗana, ta amsa gaisuwata a taƙaice, amma ta kawo mini ruwa. Na same shi yana ɗaure kaya. Babu shagon da ya yarda ya ɗauke shi, iyayen yarinya sun ce a dakata, shi kuma ya yanke zai koma ƙauyensu ya noma dankali. Na buɗe jakar a gabansa, na faɗi komai. Ya ɗauki ƙusa a ƙasa ya miƙa, ta manne. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Ya wuce, Direba." Ya raka ni har bakin titi. Na ce ya zo ya ga yadda talabijin ɗin yake nunawa yanzu, ya ce wata rana.

Shekaru muka yi muna haɗuwa a tasha in ya kawo dankali gari. Zai gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya cika mini leda ya ce in kai wa yara. Amma ko sau ɗaya bai ƙara taka ƙofata ba. Na yi kewarsa yana tsaye a gabana, irin kewar da ban yi wa matattu ba. Sau da yawa matata takan ƙara yaji a miya, mu ci mu yi shiru.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, dukanmu mun fara furfura. Ana ruwa, muka fake a rumfar mai shayi, na yi ta maza na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Ranar da ka hau kwanona, ka duba komai. Na ga ka kalli jakar nan. Me ya hana ka ɗaga ta?"

Ya juya kofin shayinsa ya ce, "Na yi zarginta mana. Ita kaɗai ce ban duba ba. Sau biyu hannuna yana zuwa ina mayar da shi."

"To me ya sa?"

"Jakar fata, da igiya, a wuri mafi tsayi a ɗakinka, kuma ta Baba. Na ɗauka Alƙur'aninsa ne a ciki. Tun muna yara kuka gaya mini ba a taɓa shi sai da alwala. Ya zan ce maka littafin ubanka ne ke ɓata maka talabijin?"

Ruwa ya tsagaita, yaran mota suka fara kiran fasinja. Ya miƙa mini hannu, ya ja buhunsa ya shiga motar ƙauyensu. Ban ƙara ganinsa ba.