Anti Pokuaa, Mai Wanke Gawayi

Ƙarfe shida da rabi Anti Pokuaa take isowa ɗakin bincikenmu a nan Kumasi. Kafin malamai su zo ta kunna tanderu, ta shanya ɓawon koko, ta ci dokununta, tuwon masarar nan na ganye, a tsaye. Shekara ashirin da takwas ke nan tana ƙona ɓawon ya zama gawayi mai ƙananan ramuka, wanda muke sawa a sufakafasita, ma'ajiyar lantarkin nan da ke cika cikin daƙiƙoƙi.

Ina wurin shekarar da Nsiah, ɗalibin digiri na uku, ya kusa ajiye karatu. Na'urarsa da ta yi caji dubu biyu sai ƙarfinta ya zube, ga shi wata huɗu suka rage masa. Farfesa Boadu ya ce laifin ruwan cikinta ne. Aka sauya sau uku, shiru.

Anti ta jiƙa gawayin, ta murza da yatsu.

"Nsiah, sau nawa ka wanke wannan?"

"Sau biyu, Anti. Haka takarda ta ce."

"Takardar ta taɓa zuwa gonar koko? Ji santsi! Toka ce ta toshe ramukan. Da tokar nan uwata ke yin sabulun salo. Lantarki za ka adana ko wanka za ka yi?"

Farfesa ya ce, "Anti, ki bar mana kimiyya."

"Na bar maka, ranka ya daɗe. Ni bokiti za ka ba ni."

Sau tara ta wanke, sai da santsin ya ɗauke. Sabuwar na'urar ta wuce caji dubu goma ba ta gaza ba. Farfesa da kansa ya sauko ɗakin tanderu, ya naɗe hannun riga ya ce, "Koya mini."

Anti, ke ce mai hannun da ba ya ƙarya. Daktoci goma sha ɗaya sun fita da gawayinki, aka riƙa sallamar ki da "muna gode wa ma'aikata". Ba ki taɓa ba kowa rabin aiki ba.

Ranar Juma'a za ki yi ritaya. Mun gode, uwar tanderu. Masu tasowa, ku riƙe aiki irin nata. Masu rubuta maƙala kuma ku yi koyi da Dakta Nsiah, wanda ya sa sunanta a jerin marubutan maƙalarsa. Da ya nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yawwa. Ko harafi ɗaya ba ka ci mini ba."